Kafintan Zermu da 'Yar Mala Gana

Ranar da Fanta ta fara kawo wa yayanta Ari abincin rana a shagon kafintoci na Zango, ta tarar da injin zarto a kashe, wani saurayi ya sunkuya kan teburin yana daidaita ƙarfen jingina, dogon ƙarfen nan da katako ke bi a gefen zarto don yanka ya miƙe. Ya auna tazara a gaban haƙoran zarton, ya sake aunawa a bayansu, sannan ya ɗaure kusa. Yana ɗagowa, idonsa ya faɗa cikin nata.

"Sannu da aiki," ta ce, tana gyara mayafi.

"Yawwa, ƙanwata. Koma gefe, ba a tsayawa bayan zarto. In ƙarfen nan ya karkace, katako baya yake dawowa kamar kibiya."

Habu ke nan, ɗan manoma daga Zermu. Ita kuwa 'yar Mala Gana ce, ɗan kasuwar fatu a Birni, asalinsu Barno. Daga ranar kwanon tuwo ya ƙara girma, Ari ya gane, ya yi dariya abinsa. Ba a jima ba Habu ya fara zuwa zance da la'asar.

"Fantata, in na ji muryarki, ƙarar injin da ke kunnena sai ta kwanta."

"Yaya Habu, ni dai ka kula mini da yatsunka."

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba: Idirisu, abokin aikinsu, wanda ya taɓa neman Fanta ta ƙi shi.

Ana gab da bikin 'yancin kai aka ba shagon aikin bencin lakwal, wato makarantar boko, kowa yana sauri. Ari na tura katako, sai ya ƙwace masa, ya dawo ya karya masa hannu. Kafin magariba Idirisu ya isa gidan Mala.

"Baba, Habu ne ya ɗaure ƙarfen. Hankalinsa ba ya kan aiki, yana wurin 'yarka."

Mala ya rantse Habu ba zai sake taka ƙofar gidansa ba. Washegari Fanta ta tare Habu a hanyar rijiya, idanunta jajur.

"Gaya mini gaskiya, kai ka ɗaure shi?"

"Ni na ɗaure, Fanta. Amma wallahi na auna gaba, na auna baya."

"To me ya karya hannun Yaya Ari?"

Ta ɗauki tulunta ta wuce, ba ta waiwayo ba. Habu ya rame, har shi kansa ya fara zargin hannunsa.

Bayan kwanaki Mala ya zo shagon da kansa don ya kwashe kayan aikin ɗansa. Idirisu ne a kan zarto. Ganin Mala sai ya ɗaure ƙarfen da ƙarfinsa duka, ya tayar da inji, don a ga ƙwarewarsa. Mala bai san ƙa'idar wurin ba, ya tsaya a bayan zarton yana kallo.

Habu na can gefe yana goge benci, ya ji kukan zarton ya canja. Ya duba, sai ya ga wutsiyar ƙarfen tana rarrafowa wajen haƙora, katako ya matse, hayaƙi ya fara tashi.

"Idirisu, kashe inji! Baba, kauce!"

Ƙara ta hana a ji shi. Idirisu ya tsorata, ya saki katako ya yi tsalle gefe. Habu ya yi wuf ya ture Mala ƙasa, katakon ya taso ya same shi a kafaɗa, ya faɗi jini na zuba.

Da aka kashe inji, mai shagon, Malam Suma'ila, ya kwance kusar ya ɗaga ta sama. Ta cinye sarai. Ya ce ko wa ya ɗaure ta, girgizar inji sai ta sassauta ta. Idirisu ya sunkuyar da kai. Mala ya cire rawaninsa ya ɗaure wa Habu kafaɗa, ya raka shi gidan likita.

Can Fanta ta same shi, ta durƙusa kusa da gado tana kuka.

"Ka yafe mini, Yaya Habu. Na juya maka baya."

"Share hawayenki, sanyin idona. Ciwon ɗan'uwanki ne ya taɓa ki, ai wannan ba laifi ba ne."

Mala na tsaye a bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya.

"Ɗana, na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. In ka warke, turo mini magabatanka daga Zermu."

Bayan an girbe gero aka ɗaura aure. Mutanen Zermu suka zo da damman hatsi a kan jakuna, dangin Barno suka cika gida da turaren wuta, Ari da hannunsa da ya warke shi ne babban abokin ango. Da za a tafi da amarya, Mala ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na Habu.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Gida ya ɗauka da amin, Fanta ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin mayafi.