Gilashin da Taru Ya Ɗauko

La'asar sakaliya ce, a shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi. Mustapha, ma'aikacin ofishin gona a Yelwa, yana zaune a zauren gidansa da abokinsa Joshua, malamin makaranta ɗan Shanga. Hoto ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai, amma ta kama su da gaske. Duk Asabar sai sun baje kyamarori a tabarma sun yi ta musu. Joshua ya ce kyamararsa Yashika ta fi fitar da fuska tas, Mustapha ya ce tasa, Zenit, ko jaki ya taka ta sai ta ɗauki hoto.

Ran nan Mustapha ya kwance wani tsumma ya fito da lensi, irin dogon gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara ta jawo abin da ke nesa. Tsawonsa ya kusa kamu guda. Wani masunci a Ngaski ne tarunsa ya ɗauko shi daga ƙasan tafki, inda tsofaffin ƙauyuka suka nutse da aka gina dam.

"Da wanga," in ji Mustapha, "daga bakin ruwa sai in ɗauko tsuntsu bisa tsibiri, har ƙwayar idonai."

Joshua ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa, ya yamutsa fuska. "Fumfuna ta cinye shi, dubi, kamar saƙar gizo. Kada ka aje shi kusa da sauran, tana yaɗuwa. Kuma wanga wari fa?"

"Ƙarnin ruwa ne. Buɗewa za mu yi mu goge."

Ya sa ƙarfi ya murɗe zoben gaba. Wani baƙin ruwa mai yauƙi ya tsiyayo kan tabarma, a hankali, ya fi abin da gwangwanin lensin zai iya ɗauka. Warin ya cika zauren, warin kifin da ya ruɓe a rana. A cikin gida, sautin dakan da ake yi ya tsaya cak. Joshua ya fita waje ya yi amai a gindin bango, ya tafi ba sallama.

Daga wannan magaribar gidan ya canja. Mariya, matar Mustapha, ta buɗe randa ta tarar da matsattsaku suna iyo a ruwan da ta tace da hannunta. Tuwon da aka sauke da zafinsa, kafin a kai shi tabarma ya yi gashin fumfuna. Da rana ta faɗi sai a fara jifa a kan kwanon rufi, ba da dutse ba, da curin laka mai sanyi, wani da kawunan kifi a ciki. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Mustapha kuwa kullum yana zaure da auduga da kwalbar sifirit, yana goge gilashi. Ya goge da dare, da safe fumfunar ta dawo, har ta haura cikin Zenit ɗin.

"Malam, ka fitar muna da abin nan," in ji Mariya.

"Saura kaɗan ya yi tas," ya ce, bai ɗago ba.

Sai abin ya faɗa kan ɗiyarsu Zulai'atu, yarinya mai tsabta wadda ko ƙuda ya faɗa a kununta ba ta sha. Mariya ta same ta a bayan madafa, tsugune, tana cin ɗanyen hanjin kifin da aka zubar wa kaji. Gashinta jiƙe yake sharkaf, alhali ba ta yi wanka ba. Ta ɗago ta dubi uwarta, laka na zuba ta gefen bakinta.

Joshua ne ya hau babur ya ɗauko Malam Sallau daga Birnin Yauri, wani tsoho mai ƙarancin magana da aka sani da ruƙiyya. Sun iso rana na shirin faɗuwa. Malam ya tsaya a bakin zaure ya rufe hanci da gefen rawaninsa, sannan ya shiga. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tsakar gida, uwarta ta riƙe ta, ya fara karatu a kunnenta. Ya daɗe yana yi. Kaji suka yi tsit a akurki.

Can Zulai'atu ta buɗe baki, amma muryar da ta fito ta tsohuwa ce, tana gurgura kamar ana magana ta cikin tulu.

"Bari ƙona ni, Malam. Ba ni na zo ba, kawo ni anka yi."

"Wace ce ke?"

"Ta ƙasan ruwa. Tun da ruwa ya ci garinmu nake ciki. Cikin gwangwanin nan na aje 'ya'yana, maigidan ga ya murɗe ya zubar min da su a tabarma. Kullum kuma yana wanke min ɗaki da ruwa mai ƙuna."

"Bai sani ba. Yarinyar kuma ba ta yi miki komai ba. Mi kike so ki fita?"

"Ɗakina. A maida shi inda anka ɗauko. In ba haka ba, ɗiya a madadin ɗiya."

"Za a maida," in ji Malam. "Mustapha, kawo shi."

Mustapha ya shiga zaure ya fito da lensin rungume a ƙirji. Ya tsaya. Ya dubi Malam, ya yi ƙasa da murya.

"Allah gafarta Malam, tambaye ta mana. In an maida mata gwangwanin, ko za ta bar min gilashin gaban kaɗai? Irinai ba a samu ko a Sakkwato."

Joshua ya juya ya fuskanci bango. Mariya ta ɗago kai daga kan ɗiyarta ta dubi mijinta, irin duban da ta yi wa randar nan mai matsattsaku.

Sai muryar ta yi wata dariya mara daɗi, ta tofar da laka a gaban ƙafarsa.

"Ka ji shi, Malam? Ni mushe nake ci, cikin ruɓa nake kwana, amma ban taɓa tsayawa ciniki da ɗiyata a hannun wani ba. Tir! Ku ba ni abuna in bar gidan ga, ya ishe ni."

Malam ya miƙa hannu ya fizge lensin, ya ɗaure mai muryar da alkawari da sunan Allah, ta amsa. Zulai'atu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta amayar da baƙin ruwa, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido ta ga abin da ke hannunta da bakin zanenta, sai ta fashe da kuka. "Inna, ki wanke ni. Don Allah ki wanke ni."

Washegari Malam da Joshua suka shiga jirgin masunta a Ngaski, suka saki lensin a tsakiyar ruwa. Jifa ta tsaya, randa ta koma tsabtarta. Joshua bai sake zuwa hirar Asabar ba.

Mariya ta ƙone tabarmar zauren, ta wanke gidan da toka da sabulu har hannuwanta suka tsage. Da yamma ta kai wa Mustapha tuwonsa, ta aje a bakin ƙofa ta juya.

"Mariya," ya ce, "tambaya ce fa kawai na yi."

"Na ji," ta ce. "Ita ma Zulai ta ji."