Farin Kaya A Lefen Humaira

"A rufe akwatunan nan! A mayar musu da kayansu!"

Muryar Inna ce ta ratso har ɗakin da Humaira ke ɓoye, kamar kowace amarya ranar kawo lefe. Guɗar mata ta tsaya cak.

Humaira ta leƙa ta labule.

Akwatin ƙarshe a buɗe yake, Inna na riƙe da wani farin kaya a leda. Gefe guda ga Bushra, ƴar Gwaggo Asibi, wadda tun ƙuruciya take mafarkin auren ɗan kawunta Mudassir, angon Humaira, sai tafa hannu take.

"Ni fa ban so in faɗa ba... amma da idona na gani! Ya jera karan dawa da ita a ƙofar zaure, ya karya daidai kanta, ya jefa a mota. Yau kuma ga farin ƙyalle. Jama'a, wa ake aunawa da kara?"

"Innalillahi..."

Kowa a Tudun Wada ya san amsar. Gawa ake aunawa da kara, a kai wa masu haƙar kabari.

"Da raina za a yi wa ƴata likkafani?" in ji Inna cikin kuka. "An fasa auren!"

Humaira ta dafe ƙirji. Ta tuna yammacin da ya zo zance daga gonarsa ta Doguwa, yana ta wasa da kara, ya ce ta miƙe ya ga ko ta kai kafaɗarsa. Ita dai dariya ta yi.

Ai dama auren nan da ƙyar ya zo nan. Tun tana makarantar kwana Humaira ke wasan kareti, kuma ko kusa ba ta jin kunyar abin. Da kayan aro take yi, na malamarta Ramla, doguwar mace, sai ta yi ta naɗe hannu da ƙafa. Bara a gasar Kano, a karon ƙarshe, naɗin wandon ya warware, ta taka shi ta kife a gaban mutane, Mudassir na kallo. Daga nan danginsa suka kafa sharaɗi: mace mai kai naushi ba za ta shiga gidansu ba sai ta daina.

Shi kuwa ya yi gum. Wannan shirun ya sa ta kuka ba sau ɗaya ba.

Inna ta ɗaga ledar za ta wurga a akwati, sai idon Humaira ya faɗa kan wuyan rigar da ke ciki. Mai kauri, ɗinki layi-layi.

Wannan wuyan ta san shi ko a mafarki!

Kunyar amarya ta tafi hutu. Ta fito, ta durƙusa.

"Inna, ki ba ni minti kaɗan, don Allah."

Ta karɓi ledar, ta yaye atamfar ƙasan akwatin. Ga safar hannu, ga abin kare ƙwauri, ga na haƙori, ga ƙaramin farin hijabi mai kama kai. Ta kwashe ta shige ɗaki.

Da ta fito sanye da kayan kareti, ido duk ya koma kanta.

Hannun rigar ya tsaya daidai inda ya kamata, wandon a saman idon sawu. Ba naɗi, ba ja. Ta ɗaga ƙafa sama da kanta, rigar ta ce fat, ta sauke ba ko tangaɗi. Wata tsohuwa ta ja baya tana salati. Humaira ta tsaya kai a sama, hawaye na zuba, zuciyarta fal alfahari.

"Inna, ga likkafanin."

Ta kira Mudassir, ta ƙara muryar waya kowa ya ji.

"Yaya Mudassir... me ya sa ka auna ni da kara?"

"Hasken idona, mai shago a Kano ne ya ce da tsayi ake sayar da su, ba da ƙiyasi ba. Ni manomi, ina na ga tef ɗin awo? Kara ne a hannuna. Shi na kai masa ya auna."

"Ka manta wa ake aunawa da shi?"

Sai aka ji ya ce, "La ilaha illallah! Wallahi ban tuna da kabari ba. Faɗuwar nan taki kawai nake tunawa. Na ce matata ba za ta ƙara faɗuwa don kayan wani ba."

Gwaggo Asibi ta fizge wayar. "Kai Mudassir! Sharaɗinmu fa?"

"Gwaggo, ki gafarce ni. Bakina ya yi nauyi a gabanki, shi ya sa na sa amsar a akwati. A haka na gan ta, a haka nake son ta."

Gwaggo ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa mata wayar tana ƙunƙuni. "Ɗan banza... ya iya zaɓen kaya."

"Amma ba ɗamara a ciki," in ji Humaira.

"Mai shagon ya miƙo min baƙa, ta gwanaye, na ce a'a. Wannan ba ta saye ba ce, zuciyata. Ke za ki ciyo ta, ni kuma zan tuƙa ki Kano."

Inna ta share ido da gefen mayafi, ta dubi mata.

"Me kuke jira? A karɓi lefe!"

Guɗa ta tashi har maƙwabta. Bushra kuwa ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta sulale ko sallama babu.

Yanzu in ka shiga ɗakin Humaira a Doguwa, za ka ga busasshen karan dawa a kafe saman gado. Baƙi kan tsorata, su tambaya. Ita kuwa sai ta yi murmushi, ta nuna musu baƙar ɗamarar da ke rataye a kansa.

"Wannan ni na ciyo," takan ce. "Karan kuwa, da shi mijina ya san girmana."