Motar Da Ke Karkata Zuwa Tagarta

Auta na tsaye a bakin taga, labule a hannunta, ta ga Baba ya durƙusa a gindin tayar motar saurayinta.



Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa babbar bas. Tun da ya ajiye aiki, duk wanda ya zo neman 'yarsa, birkin motarsa yake fara leƙawa kafin ya dubi fuskarsa. Haka ya yi wa mazan yayyenta biyu.

Shi kuwa saurayin nata agogo yake gyarawa a wani ɗan shago mai faɗin tabarma, har sunan Mai Agogo ya bi shi. Ya san cikin agogo kamar tafin hannunsa, amma a mota sitiyari kawai ya sani. Da ya ji halin Baba, sai ya nufi kantin kayan mota na ɗan wan mahaifiyarta, wanda take kira Yaya. Bai san Yayan ya taɓa neman Auta ta ƙi shi ba.

Yaya ya fito masa da faifan birki masu ƙyalli, masu ƙananan huji kamar taurari, da jajayen takalman birki masu haske ta tsakanin ƙarafan taya. Ya ce biyu kacal suka rage, na gaba ɗaya, na baya ɗaya. Ya ba shi shawara ya sa su a gefen da ke kallon gidan, ai ba mai zagayawa ɗaya gefen. Mai Agogo na fita, Yaya ya ɗaga waya ya kira Baba, ya ce in motar ta zo ya duba ɗaya gefen.

Yanzu ga Baba ya miƙe, ya zagaya ɗaya gefen.

Ya daɗe a can.

"Gefen da muke gani ka ƙawata, ɗayan ka bar wa tsatsa," in ji Baba. "Haka za ka riƙe min 'ya? Gabanmu ado, bayanmu oho?"



Baba ya karɓi makulli, ya ja motar zuwa ƙarshen layi, ya dawo, ya taka birki. Motar ta karkace kamar akuyar da ta hango ganye, ta nufi tagar Auta, ta ture tukunyar furen Umma.

Umma ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wanda ya kashe mata fure. Baba ya sauko ya ce magana ta ƙare, mutum mai fuska biyu ba zai zama surukinsa ba.

Sai ga Auta ta fito, jak ɗin ɗaga mota a hannu ɗaya, sifanar kwance taya a ɗayan. Tun tana 'yar shekara bakwai take miƙa wa Baba kayan aiki.

"Baba... kai ka koya min cewa sabon ƙarfe bai san mai shi ba tukuna. Tsohon ake tambaya."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaga gefen mai tsatsa, ta kwance tayar, ta zaro tsohon takalmin birkin ta ɗora a tafin Baba.

Ya shafa shi da babban yatsa. Ya ɗaga shi sama ya duba kaurinsa. Ya tambayi shekararsa nawa a motar, Mai Agogo ya ce huɗu, cikin muryar da da ƙyar ake ji. Takalmin ya ci daidai daga farko har ƙarshe, ba ƙuna, ba tsagewa, kuma da sauran rabinsa.

"Wannan ƙafar ba ta taɓa taka abu da fushi ba," in ji Baba a hankali. Ya dubi saurayin. "To, wa ya ce maka ana canja birki gefe ɗaya?"

Mai Agogo ya sunkuyar da kai, ya ce laifinsa ne da bai yi tambaya ba. Bai ambaci kowa ba. Baba, wanda ya san wanda ya kira shi a waya, ya yi dariya har ya dafa motar.

"Wauta tana gyaruwa, ɗana. Kawo jak ɗin nan."

Yinin ranar su uku suka yi a ƙarƙashin motar. Umma ta kawo ruwan sanyi, ta kuma shaida wa Mai Agogo cewa ba ta yafe furen ba sai ya gyara agogon falonta da ya tsaya tun bara. Washegari Baba da kansa ya je kantin Yaya, sai ga sauran faifan biyu sun fito daga ƙarƙashin kanta. Yaya ya kasa ɗaga ido.

Wata biyu bayan bikin Auta da Mai Agogo, suka zo gaida su Umma. Tayoyin huɗu na ƙyalli. Mai Agogo ya taka birki, motar ta tsaya cak, a miƙe.

Auta ta ƙura wa tsohuwar tagarta ido.

"Me ya faru, rabin raina?"

"Ba komai... Na fi son ta lokacin da take karkatowa wajena."

Ya yi murmushi, ya ɗan ja baya, ya murza sitiyari kaɗan. Motar ta matso a hankali har hancinta ya tsaya daidai ƙarƙashin tagar.

Daga cikin gida muryar Umma ta taso.

"Ku kula min da tukunyata!"