Ƙararrawar Direba da Lasifikar Baba

Ranar da Auta ta fara ganin sabon direban, kanta a sunkuye yake, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dattijon da ke tsaye a tsakiyar motar bas da lasifika rataye a wuya, yana wa'azi har gilashin tagogi na rawa, mahaifinta ne. Fasinjoji suna ce masa Mai Lasifika. Ba wanda ya san 'yarsa ce a kujerar baya, ita kuwa ba ta da niyyar faɗa wa kowa.

Baba ba mugun mutum ba ne, abin da yake faɗa ma gaskiya ne. Sai dai ya ɗauka gaskiya ba ta shiga kunne sai an ɗura ta da ƙarfi.

A bakin asibiti wata tsohuwa ta danna ƙararrawar sauka, ta sake dannawa, mota ta wuce abinta. Sai da ta riƙa buga sandarta a jikin ƙofa direban ya hango ta a madubi. Ya gangara gefe, ya ja birki, ya taso. Dogo ne, rigar aikinsa ta sha guga. Ya rusuna a gaban Baba.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Amma ƙararrawar nan ita ce kunnena, ga shi na wuce da iya asibiti don ban ji ba. Don Allah a kashe lasifikar."

"Maganar Allah za ka hana, yaro?"

"Ban isa ba. Ka yi da bakinka, ni ma zan saurara. Amma muddin tana kunne, motar nan ba ta motsi."

Baba ya sauka a fusace. Direban ya kama hannun tsohuwa ya tsallakar da ita titi, ya dawo ya ja mota. Auta ta ji kunya ta kama ta saboda Baba, ta kuma ji wani abu daban da ba kunya ba.

Kantin maganin da take aiki yana tasha ta ƙarshe, don haka kullum ita ce ta ƙarshen sauka. Tun suna gaisuwa da direban, har aka kai ga karɓar lambar waya. Shi ya raɗa mata 'Yar Taga, saboda kullum a bakin taga take zama. Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta.

"'Yar Taga, yau madubina bai yi mini amfani ba. Na duba baya, kujerarki babu kowa."

"Hutu nake, Direbana. Ka riƙa kallon titi, rayukan mutane ne a hannunka."

"Ina kallo. Amma fa zuciyata ta daɗe da danna ƙararrawa, a ƙofar gidanku za ta sauka."

Ta karanta saƙon ta yi ta murmushi ita kaɗai, sannan murmushin ya gushe. Har yanzu ba ta gaya masa ko 'yar wane ce ba.

Ranar da ya zo gaisuwa, Baba da kansa ya buɗe ƙofa. Suka yi kallon kallo. Auta tana bayan labule tana leƙe.

"Kai ne mai tsayar da mota."

"Ni ne, Baba."

Dama akwai mai shagon kayan sauti da ke son Auta, har ya kawo wa Baba sabuwar lasifika mai batiri, wadda ta fi tsohuwar kuwwa. A wurin Baba, wannan shi ne suruki na gari. Amma da Mama ta sa baki, sai ya gindaya wa direban sharaɗi ɗaya: ya bar shi ya riƙa kunna lasifika a motarsa, shi kuma ya ba shi Auta.

Direban ya daɗe yana kallon tabarma.

"Baba, ina son Auta fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma kunnuwan fasinjoji ba nawa ba ne, balle in bayar da su a bakin aure. Ka yafe mini."

Ya yi sallama ya tafi. Saƙonsa ya shigo bayan la'asar.

"Me ya sa kika ɓoye mini? Da na sani ma, abin da na faɗa shi zan faɗa. Amma da ban sha kunya a ƙofarku ba."

Auta ta yi kuka, sai dai kukan nata da alfahari a ciki. Da ya amsa sharaɗin, da ya faɗi a idonta. Ta wanke fuska ta sami Baba yana goge sabuwar lasifikarsa.

"Baba, ka san sau da yawa muna mota ɗaya da kai?"

"Ban taɓa ganinki ba."

"Ɓuya nake yi a baya. Ina jin abin da mutane ke cewa, na kasa cewa mahaifina ne. Gobe ina so in zauna kusa da kai. Ka bar lasifikar a gida, sau ɗaya tak."

Baba ya dakata da goge lasifikar.

Washegari suka shiga tare, wuyan Baba babu komai. Direban ya gan su, ya gaishe shi, ya mayar da ido kan titi. Baba ya zauna yana ta mutsu-mutsu kamar wanda aka sa wa rigar aro. A karon farko ya ji kukan jariri, ya ji tarin wani dattijo, ya ji ƙararrawa tana ƙara, mota tana tsayawa daidai.

Can wani magidanci da ke kujerar gabansu ya juyo, idanunsa jajir.

"Malam, ba kai ne mai wa'azi ba? Na daɗe ina son yi maka magana, ban samu inda zan sa baki ba. Matata na kwance a asibiti. Me zan riƙa karantawa?"

Baba ya matso ya yi masa magana ƙasa ƙasa. Mutumin ya riƙe hannunsa har bakin asibiti. Wata mata ma ta miƙo wuya tana saurare.

"Mahaifina ne," in ji Auta, ba tare da an tambaye ta ba.

A tasha ta ƙarshe Baba ya tsaya a gefen sitiyari.

"Shekara da shekaru ina magana a cikin mota, yau ne aka fara tambayata wani abu. Yaro, ka turo manyanka."

Mai shagon kayan sauti ya aiko a karɓo lasifikarsa, Mama ta miƙa da hannu bibbiyu.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika da direbobi da fasinjoji. Saƙo ya shigo wayar amarya.

"'Yar Taga, daga yau kujerar gaba taki ce."

"Na karɓa, Direbana. Babu tashar da zan sauka."

Aka miƙa wa Baba abin magana don ya sa albarka, ya girgiza kai ya mayar. Ya ɗaga hannuwansa, kowa ya yi tsit.

"Allah ya yi muku albarka, ya sa ku riƙa jin juna tun kafin murya ta tashi."

A hankali ya faɗa, amma har na bakin ƙofa sun ji, suka ce amin.