Kofin Baƙi a Gidan Holroyd

"Ba yau ba, Driss. Don Allah ba yau ba..."

Hazel ta faɗa ƙasa-ƙasa tana cusa rigunan ruwa a bayan mota, idonta na kan ƙofar gidan mahaifinta.

"To yaushe?" Driss ya tare gabanta. "Shekara biyu ina jin ba yau ba. In ba kya son aurena ki faɗa mini, rabin raina, ki daina fakewa da dattijon nan. Mutumin da yake ƙaunata kamar ɗan cikinsa!"

"Wa ya ce maka yana ƙaunarka?"

"Sai an faɗa mini? In na shigo miƙewa yake yi. Kofin da yake ba ni shayi a ciki mai bakin zinariya ne, daga kabad ɗin gilashi yake ɗauko shi. Ran nan ni na taka masa ƙafa, amma shi ya ba ni haƙuri!"

Hazel ta dafe kai, ta rasa ta yi dariya ko ta yi kuka. Abin da Driss yake lissafawa a matsayin ƙauna shi ne ainihin abin da ke hana ta sukuni.

Ta san mahaifinta, Clive Holroyd, tsohon direban bas a garin Halifax. In yana son mutum, bakinsa ba ya raga masa. Ken, amininsa tun suna firamare, bai taɓa jin wani suna daga gare shi ba sai "tsohon ɓarawo". Ita Hazel "Kan Kabewa" ce tun tana rarrafe. Marigayiya mahaifiyarta, Pauline, har ta koma ga Allah "Masifa" yake kiranta, ita kuma ta ce masa "tsoho mai taurin kai", kuma duk layinsu babu ma'auratan da suka kai su son juna. Kofi mai bakin zinariya kuwa na baƙi ne. Limamin coci ya sha a ciki, mai shirya jana'iza ma ya sha. Sai kuma Driss, duk ranar Lahadi.

"Ba za ka gane ba," ta ce.

"Ki ganar da ni mana."

"Baba bai taɓa zaginka ba!"

Driss ya ƙura mata ido kamar ta samu taɓin hankali. Daga Fes ya zo, ta ƙasar Maroko, yana aikin gashin ƙashi a asibitin da take aikin jinya. A gidansu babu mai ɗaga ido ya kalli suruki, balle a yi maganar zagi.

"Yau zan tambaye shi," ya ce, muryarsa ta yi sanyi. "A bakin teku. In kika hana ni, na ɗauka amsarki kenan, ba zan ƙara takura miki ba."

Hazel ta tsaya da rigar ruwa a hannu. Tana son Driss, son da ba ta taɓa yi wa wani ba. Amma ta tuna hannun mahaifiyarta a cikin nata a gadon asibiti, tana cewa, "Ki kular mini da tsohon nan, ko mutuwa yake yi cewa zai yi lafiya lau." Yaya za ta kawo masa surukin da zai riƙa yi wa murmushin dole har ƙarshen rayuwarsa, a ƙarshe su daina zuwa don nauyin juna, ya zauna shi kaɗai da rediyonsa?

Ƙofa ta buɗe. Clive ya fito rungume da kwandon shayi, ya ɗaga kai ya dubi baƙin hadarin da ya haɗo.

"Da alama gari zai washe," ya ce, ya juya ga Driss. "Barka da safiya, Mista Benali. Kai za ka zauna a gaba."

"A'a wallahi, Mista Holroyd, kai ne babba."

"Haba, kai ne baƙo."

Suna tsaye kowa na miƙa wa kowa ƙofa har yayyafi ya fara sauka. Hazel ta buga ƙaho. "Ku duka ku shige baya!"

Duk shekara, Asabar ɗin farko ta Agusta, gidan Holroyd sai sun je garin Filey da ke bakin teku. Hazel ba ta iya tuna shekarar da ba a yi ruwa ba. Tana yarinya a baya take zama da bokitin yashi a cinya, Mama na gaba tana rarraba alewar na'ana'a tana faɗa da Baba a kan hanya, shi yana rantsuwa ya san wata gajeriya, kullum kuma a bayan tarakta suke ƙarewa. Yau da suka wuce wata gona sai ta ji kamar ƙamshin alewar ya cika motar, ta yi saurin buɗe taga.

A baya hira ake yi cikin ladabi kamar a ɗakin jiran likita.

"Kana jin daɗin ƙasar tamu, Mista Benali? Ban da ruwan saman."

"Sosai ma! Ka san ranar da na fara son mutanen nan? Ina sabon zuwa na ga mutum uku a tashar bas, wuri fayau, amma sun ja layi. Da za su sauka kowa ya yi wa direba godiya. Na ce a raina, a nan zan tsufa."

"Madalla," Clive ya ce. "Ba laifi."

Direban bas ne na tsawon rayuwarsa, da Ken ne ya faɗi haka da sun kwashe rabin hanya suna musu. Hazel ta hango shi ta madubi, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon waje, sai ta ji tausayin su biyun ya kama ta.

A Filey ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Suka bi layin shagon kifi a ƙarƙashin lema, wata tsohuwa a gabansu ta juyo, ruwa na ɗiga daga hancinta, ta ce, "Ranar shaƙatawa kenan!" Layi ya kwashe da dariya. Suka karɓi soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin takarda, suka koma mota suka ci, gilashi ya yi hazo, teku ma ba a gani sosai.

Haka ake yi tun Mama na raye. Ita ce mai goge gilashin da hannun rigarta ta ce, "Ku kalli teku, don shi muka zo."

Clive ya buɗe kwando ya fito da fulas. Ya ba Hazel kofinta na roba mai hoton zomo, ya ajiye nasa, sannan ya warware tawul a hankali. Kofi mai bakin zinariya ne har da faifansa, ya ɗauko shi tun daga gida. A ƙasan kwandon kuma shuɗin kofin Mama na kwance, mai ɓantararren baki, wanda ake zuwa da shi duk shekara a mayar da shi ba a zuba komai ba.

Driss ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Ya gyara murya.

"Mista Holroyd, akwai maganar da..."

"Mu je mu gaida Pauline tukuna," Clive ya katse shi da sauri. "Ruwan ya ɗan tsagaita."

Bai tsagaita ba ko kaɗan.

Akwai benci a saman gangaren da ke kallon teku, wanda Clive ya sa aka kafa da sunan matarsa. Suka kama hawa, iska na juya lemarsu. Hazel na gaba lokacin da ta ji santsi ya kwashi wani a bayanta. Ta juyo ta ga mahaifinta zaune a kan jiƙaƙƙen dutse, fuskarsa ta yi fari fat.

"Baba!"

"Lafiya lau nake. Ku yi haƙuri, na tare hanya."

Driss ya riga ya durƙusa cikin taɓo. "Bari in duba gwiwar."

"Kada ka wahalar da kanka, Mista Benali. Ɗan targaɗe ne."

Driss bai saurare shi ba, ya naɗe ƙafar wandon. Gwiwar ta kumbura suntum, kuma ko Hazel ta ga ba kumburin yau ba ne.

"Tun yaushe?"

"Ba a daɗe ba... wajen bikin Ista."

"Ista?" Driss ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Tun Ista, kusan wata huɗu, kake tafiya a kan wannan? Duk Lahadi ina zaune a falonka, aikina kenan, da shi nake ci, kana miƙa mini biskit kana tambayata labarin ruwan sama?"

"Ban so in dame ka ba ne..."

"Dame ni? Kai wane irin tsoho ne mai taurin kai! Jira kake ƙafar ta cire ta faɗi, ka ba ta haƙuri ita ma?"

Ruwa na ta dukan lema. Driss ya toshe bakinsa da hannu. Hazel ta ga tsoro ƙarara a fuskarsa, ya zagi mutumin da yake shirin roƙon auren 'yarsa, a gaban bencin matarsa.

"Mista Holroyd, ka yafe mini, wallahi ban..."

"Me ka ce mini?"

"Na tuba..."

"A'a, maimaita."

Driss ya sunkuyar da kai. "Tsoho... mai taurin kai."

Kafaɗun Clive suka fara girgiza. Hazel ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabon da ta ji ta tun kafin jana'iza. Ya yi ta yi har da tari.

"Tun da Masifa ta tafi babu wanda ya ƙara kirana haka," ya ce yana share fuska. "Ashe kana da baki, ɗan banza! Shekara biyu kana miƙewa in na shigo, Mista Holroyd kaza, Mista Holroyd kaza, kamar na zo yanke maka wuta. Na ce yaron nan ba ya ƙaunata, don Kan Kabewa kawai yake jure ni."

"Ni? Ai ni na zaci girmama ni kake yi da kofin nan!"

"Wannan kofin? Ko shayi ba ya daɗi a cikinsa. Ɗaga ni, sakarai, wandona ya jiƙe."

Driss ya saƙala hannun dattijon a wuyansa, suka ƙarasa bencin suna ɗingishi tare, Clive na mitar cewa ko buhun dankali an fi ɗaukarsa da mutunci. Hazel na biye da kwando, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarta, ba ta ma damu da sharewa ba.

Suka zauna su uku a matse a ƙarƙashin lema ɗaya. Driss ya dubi Hazel. Wannan karon ba ta ce ba yau ba, hannunsa ta kama ta matse.

"Ina son in auri 'yarka," ya ce. "Ina son ta fiye da raina."

"To, to, ba sai ka yi mana waƙa ba." Clive ya kawar da kai yana kallon teku. "Ka san ba ta iya dafa ko ƙwai ba?"

"Baba!"

"Na sani," Driss ya ce. "Na ci."

"Kuma ka dawo. Lallai ba ka da hankali." Ya shafa sunan da ke jikin bencin da babban yatsansa. "Ba laifi. Ka ɗauke ta."

Hazel ta kifa kai a kafaɗar mahaifinta ta fashe da kuka. Ya bubbuga bayanta sau biyu yana cewa ya isa haka, mutane na kallo, alhali nasa idon ma ya cika.

"Ruwan nan ne ke shigar mini ido," ya ce, ko da yake babu wanda ya tambaye shi. "Miƙo fulas."

Ya zuba mata a kofin zomo, ya zuba nasa. Sannan ya tura hannu can ƙasan kwandon, ya wuce mai bakin zinariya, ya fito da shuɗin kofin. Ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya goge cikinsa da gefen rigarsa, ya cika shi da shayi, ya miƙa wa Driss.

"Karɓi. Ka sha ta ɗaya gefen, nan yana yanka leɓe. In ka fasa mata shi, sai na jefa ka a teku."