Amfilifayar Alhaji Datti

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe Alhaji Datti ya shigo caji ofis, ya ce an sace masa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, kuma ya san ɓarawon. Sufeto Abdurrahim ya shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda, bai taɓa jin daɗin mai ƙarar da ya zo da ɓarawonsa a aljihu ba. Ya nuna masa kujera.

"Wane ne ɓarawon, ranka ya daɗe?"

"Audu mai gyaran rediyo na Badarawa. Shi ya haɗa mini ita. Ranar Alhamis ya zo ya duba ta, jiya Juma'a ta ɓace. Na ma riga na biya ta shagonsa na gaya masa a gaban jama'a."

"Ka gaya masa me?"

"Abin da yake. Ɓarawo."

Alhaji Datti mataimakin darakta ne a wata ma'aikata. Bara, wato 1995, aka tura shi kwas na wata uku Amurka, ya dawo da amfilifayar nan da sifikoki biyar. Shi da kansa yakan ce ba ita ce mafi tsada a kantin ba, tsaka-tsaki ce, amma a Unguwar Rimi ta ishe shi abin magana. Duk Asabar bayan la'asar abokansa uku kan taru a falonsa kallon fim. In jirgi ya taso a talabijin, ƙararsa ta bayan kujera take fitowa, baƙo ya sunkuyar da kai. Alhaji ba fim yake kallo ba, fuskar baƙin yake kallo.

Sufeto ya ɗauki hularsa suka tafi gidan.

Talabijin na nan, bidiyo na nan, sifikoki biyar na nan a wurarensu. A tsakiyar kabet ne kawai aka ga gurbin da babu ƙura. Sufeto ya tsuguna ya ɗaga wayoyin. Ba yanka su aka yi ba, kwance su aka yi ɗaya bayan ɗaya, har an naɗe su.

"Ka gani? Aikin mai gyara ne," in ji Alhaji.

"Ko aikin wanda bai ji tsoron a riske shi ba. Me kuma aka ɗauka?"

"Rimot."

"Ina kake ajiye shi?"

Alhaji ya nuna wata tangaran mai murfi a can saman kabet. Saboda yara yake ɓoye shi a ciki, ba ya fito da shi sai za a yi kallo.

Sufeto ya bi wayar wani farin soket da ke kan kabet, ya ga ta zarce ta baya. Ya ture kabet ɗin kaɗan. A ƙasa, jikin bango, ga wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyi, duk yanar gizo-gizo.

"Wannan fa?"

"Taransifoma ce. Audu ya sa ta. Na ce ya ɓoye ta a baya, muni gare ta, za ta ɓata mini falo."

"Wa ya san tana nan?"

"Ni da shi."

Matar gidan, Hajiya Turai, ta tafi Zariya gaisuwa tun safiyar Juma'a, yara suna makarantar kwana. Saura maigadi, Malam Musa, wani dattijo mai casbi a wuya. Ya rantse da zai tafi masallaci ya kulle ƙofa ya tafi da makulli a aljihu.

Sufeto bai musa masa ba. Ya zagaya bakin get, ya tsaya a kan wani bulo da ke gindin dogon yaro. Ya ɗaga shi da ƙafa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi sumul, har da shatin zoben makullai.

"Baba, aljihunka ke nan?"

Malam Musa ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, sau ɗaya na taɓa zubar da su a masallaci. Tun ran nan, nan nake ajiyewa."

"Wa ya sani?"

"Mutanen gida. Da abokan Alhaji, in sun riga shi zuwa."

"Audu fa?"

"Audu ko ruwa ba ya sha a gidan nan sai an ba shi."

Shagon Audu ɗan ɗaki ne a bakin titi a Badarawa, yana warin dalma da ƙura. Da Sufeto ya isa, wata mata tana fitowa da rediyonta a buɗe, ba a gama gyara ba, noti-notin a ƙulle a bakin gyalenta. A kan kantar shagon akwai gurabu da yawa. Shekara ashirin da biyu mutane suna barin kayansu a hannun Audu ba tare da ko rasit ba, sai ɗan farin tef da yake liƙawa ya rubuta sunan mai kaya. Maganar Alhaji ta safiya ɗaya ta kwashe masa rabin kanta.

Audu ya miƙe. "Tafiya za mu yi, Yallaɓai?"

"Zauna. Baƙin akwatin da ka sa a bayan kabet, mene ne aikinsa?"

"Wutar Amurka ɗari da goma ce, tamu ɗari biyu da ashirin. Shi ke rage ta. Farin soket ɗin da ke sama daga jikinsa ya fito, mai gani sai ya ɗauka soket ne kawai."

"In aka jona amfilifayar a bango kai tsaye fa?"

"Kafin mutum ya gama bisimilla ta yi hayaƙi."

"Da kai ne ɓarawon, za ka bar akwatin?"

Audu ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Da na fara ɗaukar shi. Ni na naɗa wayarsa da hannuna."

Sufeto ya yarda da shi a ransa, amma abin da ke ran ɗan sanda ba hujja ba ne. Da ya gaya wa Alhaji, Alhaji cewa ya yi, "To, ai wanda ya naɗa ɗaya zai naɗa wani. Ɓad da sawu ya yi." Ya ƙara da cewa in ba a kulle Audu zuwa Juma'a ba, zai kai maganar sama. Kuma yana da waɗanda zai kai wa.

Ranar Litinin Sufeto ya bi abokan Asabar ɗin nan uku ofis-ofis. Biyun farko kowanne ya ce daga masallaci gida ya wuce, kowanne kuma ya yi wa masu gyaran rediyo tas, ya ce duk halinsu ɗaya.

Na uku shi ne Malam Labaran, babban jami'i a ma'aikatar su Alhaji, ofishinsa na kallon na Alhaji. Siriri ne mai furfura a gemu, teburinsa cike da fayil. Tare aka ɗauke su aiki da Alhaji.

"Ina ka yi sallar Juma'a?"

"Ban yi a gari ba. Na tafi Kaciya duba ɗan'uwana."

"Ka san inda ake ajiye rimot?"

"Ni? Ko kunna abin ban iya ba. Zama kawai nake yi a kunna mana."

Sufeto ya rufe littafinsa. Har ya kai ƙofa Malam Labaran ya ce, "Sufeto, Audun nan, a bi shi a hankali. Yana da iyali."

Cikin mutum uku, shi kaɗai bai zagi Audu ba. Sufeto ya sauko daga bene yana juya wannan a ransa. Tausayi ba laifi ba ne, amma ya lura mutumin bai tambayi ko an sami labarin kayan ba.

Ranar Laraba da hantsi Audu ya shigo caji ofis rungume da wani abu a cikin buhun shinkafa, gumi ya jiƙa masa riga. Bayansa wani mutum ne mai faɗin kafaɗa. Audu ya ajiye buhun a kan tebur kamar mai ajiye maciji.

"Ga ta, Yallaɓai. Wallahi tallahi yanzu aka kawo mini ita. Na ce in Alhaji ya ji an gan ta a shagona, na mutu."

Mai faɗin kafaɗar sunansa Sulaiman, yana gyaran rediyo a Kawo. Ya ce ranar Asabar wani mutum ya kawo masa ita a but ɗin mota fijo, ya ce ta ƙi kamawa. Ya buɗe ya ga taransifomar cikinta ta ƙone ƙurmus. Ya yi kwana uku yana fama ya kasa.

"Me ya sa ka kai wa Audu?"

"Yallaɓai, duk gyaran da ya gagari mutum a arewacin garin nan, teburin Malam Audu yake ƙarewa. Mu dai mu karɓa, shi ya gyara, mai kaya bai sani ba."

"Sunan mai kayan?"

"Ya ce Alhaji Garba. Gobe bayan azahar zai dawo."

Washegari Sufeto ya zauna a kan benci a cikin shagon Sulaiman cikin farin kaya, yana riƙe da wata tsohuwar rediyo kamar mai jiran gyara. Wani kofur da ya zo da shi na tsallaken titi wurin mai rake. Ƙarfe biyu da rabi wata farar fijo ta tsaya. Malam Labaran ya fito, ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam, Alhaji Garba," in ji Sufeto.

Malam Labaran ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki. Bai gudu ba, bai yi musu ba. Ya cire hularsa ya share goshi, ya nemi a ba shi wuri ya zauna.

A caji ofis aka kira Alhaji Datti. Ya shigo da faɗa a bakinsa, yana zaton Audu zai gani. Da ya ga wanda ke zaune, faɗan ya maƙale.

"Labaran? Me kake yi a nan?"

"Ni na ɗauka, Datti."

Sufeto ya ce, "Ka ce kana Kaciya."

"Ƙarya na yi. Da aka tashi ofis na ga ya tafi masallaci, na wuce gidan. Na san bulon, na san tangaran. Na kai ta gida na jona a bango, ta yi wata ƙara, ɗaki ya cika da wari. Ko minti ɗaya ban ji sautinta ba."

"Sayarwa za ka yi?"

"A'a."

Alhaji ya dafa tebur. "To, don me? Shekara talatin muna tare! Da ka tambaye ni aro ma ai da na ba ka."

Malam Labaran ya ɗago ya dube shi. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Kwas ɗin nan sunana ne a takarda, Datti. Na yi fasfo, na ɗinka kwat, na yi sallama da mahaifiyata. Saura kwana tara aka ce an canza, aka sa naka. Ban tambaye ka yadda aka yi ba, kai ma ba ka taɓa ce mini komai ba. Ka dawo, duk Asabar ka zaunar da ni a kujerar tsakiya, ka ce nan sauti ya fi daɗi, ka tsaya kana kallon fuskata. Shekara guda ina dariya."

Sufeto ya ji tausayin Malam Labaran har cikin ransa, amma bai manta da kantar da ta zama fayau a Badarawa ba.

"Ranar Asabar ka ji an kira Audu ɓarawo a bainar jama'a. Kwana biyar kana ji. Shi ma ya canza maka suna a takarda?"

Nan ne Malam Labaran ya rufe fuskarsa da hannu biyu. "Wannan ita ta hana ni cin abinci."

Ya sa hannu a bayaninsa. Ya cire agogo da hula ya miƙa a kantar 'yan sanda. Kofur ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya bi shi a baya kawai zuwa ciki.

Can Alhaji ya ce, "Yanzu kayana fa?"

"In an gama da su a kotu za a ba ka. Amma ta ƙone, kuma mutum ɗaya ne zai iya tashinta. A nan ofis ba na tilasta wa kowa ba da haƙuri, ranka ya daɗe. Sai dai inda ka tsaya ka yi maganar farko, wurin yana nan."

Bayan mako uku, ranar wata Asabar da hantsi, Alhaji Datti ya ajiye motarsa a bakin titin Badarawa. Bai bar kowa ya ɗaukar masa ba. Ya rungumo amfilifayar a kan babbar rigarsa, ya ratsa ta gaban teloli da mai shayi da masu faci, duk an daina aiki ana kallonsa. Sufeto na tsaye a gefe, wai ya zo sayen goro.

A ƙofar shago Alhaji ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta wancan karon.

"Malam Audu, na zalunce ka. Na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe mini don Allah, ka duba mini wannan."

Audu ya dube shi, ya dubi mutanen da suka taru. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya karɓi amfilifayar ya ɗora a kan kantar shago. Babu komai a kantar sai wata ƙaramar rediyo mai batir ta wani mai wankin hula, wanda shi kaɗai bai zo ya ɗauke kayansa ba.

"Yaushe zan dawo?" in ji Alhaji. "In da hali ina son ta kafin Asabar mai zuwa."

Audu ya jawo ƙaramar rediyon gabansa, ya ɗauki sukundireba.

"Sai na gama da wannan, Alhaji. Mai ita ya riga ka."