Muryar Ummu Ziyad

Da hantsi Abu Ziyad ya shigo ofishin 'yan sanda na birnin Irbid, takalmansa ma ba iri ɗaya ba. An sace masa laftof. Sufeto Ghassan ya tambayi kuɗinta, tsohon ya ce shi ba kuɗi ya kawo shi ba. Matarsa Ummu Ziyad ta rasu bara, muryarta kuma babu ita ko'ina sai a cikin na'urar nan.

A gidan, Ghassan ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Rawan, 'yar tsohon, ta kawo gahawa. Ta ce ita ta saita laftof ɗin, da an kunna sai muryar mahaifiyarta ta fito tana tuna wa baba magani. Manhajoji biyu ne a ciki, Windows da Linux, in an kunna sai a zaɓi ɗaya, baba kuwa duk wadda hannunsa ya faɗa yake buɗewa, shi ya sa ta sa muryar a duka biyun.

"Wa ya shigo jiya?" Ghassan ya tambaye ta.

"Muhannad kawai, mai gyaran intanet."

Shagon Muhannad na bayan kasuwa. Muhannad ya rantse da ran 'ya'yansa cewa wayar intanet kaɗai ya taɓa a gidan. Ghassan ya nuna wata baƙar laftof a ƙarƙashin kanta.

"Wannan fa?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe, daga garin Zarka na sayo. Kunna ka gani."

Ya kunna. Windows ta buɗe fes, babu hoto, babu murya, an share komai. Ghassan ya tuna takalman tsohon, ya kuma tuna maganar Rawan.

Ya kashe, ya sake kunnawa. Wannan karon bai bar ta ta wuce zuwa Windows ba, ya sauko kan layi na biyu, na Linux, ya danna.

Sai wata tsohuwar murya ta cika shagon: "Abu Ziyad, ka sha maganinka? Kar ka yi mini ƙarya."

Ghassan ya dubi Muhannad.

"A Zarka ma Ummu Ziyad na da miji?"

Muhannad ya zube kan kujera. Ya ce a buhun kayan aikinsa ya fito da ita, Windows kawai ya iya, bai san akwai wata a ciki ba. Sajan da ya rako Ghassan ya sa masa ankwa ya fita da shi.

Da la'asar Abu Ziyad ya kunna laftof ɗinsa a ofis. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido.

"Ban sha ba, Hajiya," ya ce, yana laluben maganin a aljihu.

Ghassan ya miƙa masa ruwa.